Kujera ta Ashirin da Uku

Shekara biyu da ƴan watanni na yi ina laluben mata a tashar wani kamfanin kar, wato manyan motocin safa, a Tasawa. Aikin ke nan, kada wani ya yi mashi ado. A takarda an rubuta sekirite. A jikina riga ce mai ruwan toka wadda aka ɗinka don ƙaton namiji, a hannuna kuma wata baƙar sanda mai kuka idan ta ji ƙarfe. Na faɗi jarrabawar bak, ta gama sakandare, sau biyu, na ce ba zan zauna gida ina tankaɗe ina jiran ta uku ba. Da na ji ana neman mace ɗaya mai iya karatu da tsayuwar rana, sai na kai kaina.

Kafin mu fara an kai mu Maraɗi horo na kwana uku. Wanda ya koyar da mu wani tsohon soja ne mai ƙaramin tumbi, wanda ya yi shekaru yana gadi a cikin irin manyan jiragen ruwan nan na masu yawon shaƙatawa. Rabin horon labarin jirgin ne. Ya ce bene ne a kan bene, mutanen ciki sun fi na unguwarmu yawa, ba su da aiki sai ci da sha da kwanciya a rana. Su bugu su yi amai a matakala, manya da furfura su naushi juna a kan kujerar kwanciya. Wannan duk bai dame ni ba, na ga mashaya a Tasawa ma. Abin da ya zauna mani a kai shi ne da ya ce duk namijin da ya sa ma mace hannu, kamera ta riga ta ɗauke shi. Su sauka da shi wani ɗan ɗaki can ƙasan jirgi su kulle, gari na farko da aka tsaya su ajiye shi a bakin ruwa da jakarshi, ya nemi hanyar gida da kanshi. Ba a tambayar ko shi wane ne. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin bayan gari da damina ba, sai na riƙe wannan ɗakin a raina kamar na taɓa shiga.

Ga yadda aikinmu yake. Kar ɗin Damagaram tana isowa wajen azahar, ta tsaya rabin awa. Kowa ya sauko da kayan hannunshi, mai banɗaki ya je, mai salla ya yi, mai yunwa ya nufi masu dambu da awara. Kafin a koma ciki sai a sake lalube kowa, abokin aikina ya yi maza a fili, ni in yi mata a bayan wani labule da aka ɗaura a lungun ɗakin jira. Daga nan kwambuwaye, wato mai rakiyar mota, ya hau matakalar ƙofa da takarda a hannu, ya riƙa kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya bisa lambar kujera, tun daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Wanda aka kira ya amsa ya shiga. Wannan shi muke ce ma apel. Sau huɗu nake jin shi a yini, har a mafarki ina jin shi.

Fasinjoji kuwa, Allah ya gani na yi ƙoƙarin ganin mutuncinsu. Mutum ya ci kaza ya tura ƙasusuwa cikin aljihun kujerar gabanshi. Ya tauna goro ya tofa a labulen taga. An sha tsintar leda ɗaure da fitsari a ƙarƙashin kujera, kuma ba ta yaro ba, don yaro ba ya cika leda haka. Hajiyoyi masu zobba su ce ba za a taɓa su ba, wai na yi masu kama da wadda ba ta wanke hannu. Samari su ɗaga hannuwa sama tun daga nesa suna cewa, Madam sekirite, mu ma a zo a lalube mu mana, muna da ƙarfe. Nakan ce masu ƙarfen da ke kansu ya fi ƙarfin sandata, su je wajen maƙeri. Irin wannan ba ta kwana a raina. Da bakina nake biya, in wuce.

Akwai wata mata da take wucewa kowace Talata. Ba ta girme ni ba, mai yiwuwa ma na ba ta shekara ɗaya ko biyu, shi ya sa take ce mani Yaya. Daga wani ƙauye take arewa da Maijirgi, amalanken jaki ke kawo ta bakin titi ta hau kar a can. Tana da jaririya da aka haifa da ƙafafu a murɗe, tafukan suna kallon juna. A likita a Maraɗi ake gyara su a hankali: a miƙar da su kaɗan, a ɗaure da farin simintin asibiti tun daga yatsu har cinya, bayan mako a cire a ƙara miƙarwa a sake ɗaurewa. An ce mata sau shida ko bakwai, kuma kada ta tsallake ko mako ɗaya. Yarinyar ba ta goyuwa da wannan simintin, sai dai a rungume ta da hannu biyu.

A mako na biyu na tambaye ta me ya sa take rawar jiki duk lokacin da na yi mata magana, ko na yi kama da jandarma. Ta yi dariya a cikin hijabi, sannan ta gaya mani. Mijinta yana Aljeriya neman aiki. Wan mijin ne ke riƙe da gida, kuma babu namijin da zai bar gona ko kasuwa ya raka ta kowane mako. Sai da aka yi ta roƙo, har da unguwarzomar garin, kafin ya yarda ta riƙa zuwa ita kaɗai. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar da ya ji wata magana a kanta a hanya, kowace iri ce, tafiya ta ƙare. Bai ce ranar da ta yi laifi ba. Ranar da ya ji magana ya ce. Ta maimaita mani haka, na kuma fahimta sarai. Ba zan zo yanzu in ce ban sani ba.

Talata ta huɗu ta shigo bayan labule hijabinta ya karkace, ba ta gaishe ni ba. Na zagaya da sanda na gama, ba ta fita ba.

"Yaya, ko za a iya canza mani wuri?"

Na ce me ya sami wurin. Ta ce rana. Na ce rana tana tsakar ka, ta ina ta shigo. Ta hau gyara ma yarinyar hula. Ni ba na iya jiran mutum ya gama haɗiye magana, sai na ja labulen na rufe sosai na ce ta faɗa kawai, akwai mata goma a layi.

Tana kujera ta ashirin da uku, jikin taga. Na kusa da ita wani dattijo ne mai babbar riga. Tun da ta zauna a Maijirgi ya shimfiɗa hannun rigar ya rufe tsakaninsu, nashi hannun kuma yana ƙarƙashi. Ta matsa har ta manne da gilashi, ya biyo. Hannuwanta biyu suna riƙe da yarinya, ba ta da na ukun da za ta ture shi, kuma ya san haka. Ta ce a ɗaya hannun carbi ne, yana ja, bakinshi yana motsi.

Na ce ta nuna mani shi. Ta kama rigata.

"Don Allah kada ki faɗa ma kowa. Akwai mutumin garinmu a gaba, abokin wan mijina ne. Wurin kawai za a canza mani."

Na ce mata ba zan ambaci sunanta ba. Haka na faɗa, kalma da kalma, kuma na lura da yadda na tsara ta tun a lokacin. Ita ta ji alkawarin shiru. Ni kuwa na bar ma kaina ƙofa.

Na sallami sauran matan da sauri na nufi biro, wato ofis. Shef ɗin tasha, shugabanmu, yana cin dambu da cokali, ya baza takardu gefe don kada mai ya taɓa su. Mutum ne mai sanyi, irin wanda ko gobara ta tashi sai ya gama tauna. Na gaya mashi abin da ya faru. Ya tambaya wa ta kawo ƙara, na ce ba za ta fito ba. Ya ce to babu ƙara ke nan, shi ba zai sauke mutum mai tike a hannu a kan maganar da ba ta da mai ita ba. Akwai wata tsohuwa a kujerar baya da babu kowa kusa da ita, a mai da matar can, magana ta ƙare. Na ce can baya da mota ke tsalle, da jaririya cikin siminti? Me ta yi da ita za a tayar? Na kawo mashi labarin ɗakin ƙasan jirgi, da yadda ake ajiye irinsu a bakin ruwa. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Madmazel, leƙa taga ki gani ko akwai ruwa. Nan Tasawa ce."

Ya ce in bari ya ƙarasa abinci, zai kira kwambuwaye a gyara takardar kafin apel. Minti biyar. Abin da matar ta roƙa ke nan, ba ƙari ba ragi, kuma an riga an ba ni shi. Da na koma bayan labulena na zauna na yi ta cizon yatsa har minti biyar ɗin nan suka cika, da ban rubuta wannan ba.

Na fito tsakar tasha. Akwai ɗan masallaci na rumfar kwano a gefe, ba shi da bango, ana ganin kowa. Maza sun yi sahu suna wannan abin da matafiya ke yi kullum idan babu limamin wuri: wannan ya tura wancan, wancan ya ja baya, bismilla, a'a kai dai bismilla. Ba wanda ya san wani, don haka da ido ake zaɓe. A duba wa ya fi girman riga, wa ya fi farin gemu, wa ke da tabon goshi. Na sha kallon wannan ina murmushi. Ran nan na ga sun taru a kan wani mai shuɗiyar shadda da carbi a wuyan hannu, ya ɗan ƙi sau ɗaya don ladabi, ya wuce gaba. Na tambayi kwambuwaye da ke alwala wa ke kujera ta ashirin da huɗu. Ya nuna mani mai shuɗiyar shaddar da haɓa.

Na tsaya na kalli hannun nan ya tashi zuwa kunne. Raka'a biyu suka yi irin ta matafiya. Da aka sallame, sai ga maza suna miƙo nasu hannuwan ɗaya bayan ɗaya suna gaisawa da shi, wasu da hannu biyu, suna shafawa a ƙirji. Wani ya kawo ɗanshi a shafa mashi kai. Ita kuwa tana can lungun ɗakin jira ta juya ma duniya baya tana shayar da yarinya.

Abu ɗaya na iya yi ma kaina, na bari ya sa takalmi. Yana fitowa daga rumfar na tare shi.

"Alhaji, wannan hannun da ake ta rububin gaisawa da shi, ka wanke shi da kyau kuwa?"

"Na'am, ɗiyata?"

"Ni ba ɗiyarka ba ce. Daga Maijirgi zuwa nan, ina hannunka yake? Matar da ke kusa da kai matashin kai ce da za ka riƙa lalube?"

Muryata ba ta da ƙarama, a gida ma an sha gaya mani. Masu dambu suka daina zuba abinci.

Na so ya yi fushi. Na so ya zage ni, ya ɗaga hannu, in sami abin kamawa. Bai yi ba. Ya yi salati a hankali, ya dubi mutane da idon wanda aka watsa ma ruwan kwata ranar Idi. Ya ce shi mai jikoki ne, tun Damagaram barci yake, in rigarshi ta taɓa wata baiwar Allah to ta yafe mashi, mota ce, a matse ake. Ya ce Allah ya shirye ni, ya ba ni miji nagari. A nan wasu suka yi dariya.

Sai aka fara. A yi haƙuri, a yi haƙuri. Wannan kalmar na ji ta a tashar nan fiye da yadda na ji hon. Duk shi ake ba haƙurin. Wani mai rawani ya ce yaran lakkwal ke nan, ƴan boko, an ba su riga da sanda sun manta suna da iyaye. Wani ya ce mutumin da ya ja mu salla yanzu-yanzu. Wata mai awara, Allah ya saka mata, ta ce daga inda take zaune ai shi ya sa ya kamata ku sake sallar. Ba wanda ya kula ta. Wani ya ce to wace matar ce, ta fito ta faɗa da bakinta. Na ce ba zan faɗa ba, ko za a yanka ni. Har wani daɗi na ji da na faɗi haka. Na ɗauka na cika alkawari.

Direba ya danna hon. Kwambuwaye ya hau matakala ya buɗe takardarshi, wadda ba a gyara ba, don shef bai gama dambu ba. Ya kira na ɗaya.

Kullum lokacin apel tasha kamar kasuwa take, sai an kira mutum sau uku yana can yana cinikin rake. Ran nan tsit. Wajen lamba ta takwas ko tara na gane dalili. Kowa ya ga Alhaji. Kowa ya san bisa jerin kujeru ake kira. Abin da ya rage kawai a saurara a ji sunan da zai zo dab da nashi. Ni da nake jin apel sau huɗu a yini. Na ɓoye sunanta na minti uku, na miƙa ma kwambuwaye ya faɗe shi da ƙarfi daga kan matakala.

Na yi tunanin in ruga in ƙwace takardar. Na yi tunanin in ce ya tsallake, amma tsallakewar ma nuni ce. Ban yi ko ɗaya ba, na tsaya da sandata kamar turken awaki. Mutumin garinsu an kira shi tun a lamba ta biyar, wani siriri mai hular saƙa. Ya amsa, ya sa ƙafa ɗaya a matakala, bai shiga ba. Waɗanda suka shiga kuma suka leƙo ta tagogi.

Ashirin da ɗaya. Ashirin da biyu. Aka kira sunanta haɗe da na mahaifinta. Ba ta amsa ba. Kwambuwaye, wanda ba mugu ba ne, wawa ne kawai, ya sake kira da ƙarfi yadda ya saba, ya ƙara da cewa mai jaririyar nan. Ta fito daga ɗakin jira. Daga ƙofar zuwa mota bai fi taku ashirin ba, na auna shi daga baya ba sau ɗaya ba. Ta tako rungume da yarinya, fararen ƙafafun nan biyu sun leƙo daga ƙarƙashin zane, mutane suka buɗe mata hanya fiye da yadda take bukata. Tana kaiwa ƙofa aka kira ashirin da huɗu, ya ce na'am da murya mai daɗi.

Wata hajiya mai gilashi ta dafa kafaɗarta ta tambaye ta, a gaban kowa, wai baiwar Allah da gaske ne abin da yarinyar nan ta faɗa.

"Ni ban ce komai ba," in ji ta, idonta a ƙasa. "Ban ma san ta ba."

Sai ga shef ya iso yana goge hannu da takarda. Ya ba Alhaji haƙuri, ya ce a mai da matar kujerar baya kusa da tsohuwa. Aka mai da ita. Mai hular saƙa ya sa ɗaya ƙafar ya shiga. Da motar ta juya za ta fita na hango Alhaji ta gilashi, ya matsa jikin taga, ya baza rigarshi a kan kujera biyu.

Ba a kore ni ba. Shef ya yi mani faɗa na kusan awa ɗaya a kan mutuncin kamfani, amma ya san ba kowace mace za ta yarda ta sa wannan rigar ta tsaya a rana ba. A gida innata ta ji labari kafin in iso, ta ce bakina zai kai ni inda ƙafata ba za ta iya dawo da ni ba. Na ce mata gaskiya na faɗa. Ta ce ba ta ce ƙarya na yi ba.

Washegari Laraba matar ta dawo a kar ɗin da ke zuwa gabas, da sabon siminti fari tas. Ta shigo bayan labule ta ɗaga hannu ɗaya kamar ba ta taɓa ganina ba. Na ce ta yafe mani. Ta ce in yi aikina, mota za ta tashi.

Talata ta zagayo, ba ta zo ba. Na ce ma kaina wataƙila ta hau ƙaramar mota don kada ta gan ni, har na ji sauƙi da wannan tunanin. Wata Talatar ma ba ta zo ba. Ran Lahadi, ranar hutuna, na ɗauki babur ɗin kabu-kabu zuwa Maijirgi, daga can muka bi yashi muna tambaya. Ban sha wuya ba, kowa ya san gidan jaririya mai siminti.

Wan mijin ya tarbe ni a zaure. Na yi tsammanin wani mai zare ido, sai na tarar da mutum mai fara'a yana gyaran igiyar guga. Ya sa aka kawo mani ruwa, aka kawo fura. Na ce mashi ni ce ta tashar Tasawa, na zo in faɗa mashi matar ƙanenshi ba ta yi komai ba, ba ta ma buɗe baki ba, laifin na wani tsohon banza ne da kuma nawa. Ya ce subhanalla, ai su ba su ji komai ba. Hanya ce dai ta yi ma mace nisa, ga aikin gida, in mai ita ya dawo sai ya ga yadda za a yi. Na ce likita sun ce kada a tsallake mako. Ya ce Allah shi ke miƙar da ƙafa. Na ce in rakiya ce ni zan riƙa zuwa in ɗauke ta in dawo da ita. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushi ya ce an gode. Na gane. A duk faɗin ƙasar nan ni ce mace ta ƙarshe da zai ba amanar tafiya, kuma ban ga laifinshi a wannan ɗaya ba.

Ya bar ni na shiga ciki. Tana surfe. Yarinyar tana kwance a tabarma a inuwar rumbu tana wasa da ƙafafunta. Siminti ya wuce lokacinshi ya fara cin cinya, sai suka jiƙa shi da ruwa suka yanke da wuƙa. Ɓawon yana nan yashe a bayan rumbu, ƙananan ƙafafu biyu farare babu kowa a ciki, kaji suna tsattsaga. Na dubi na yarinyar. Sun fara komawa ciki, ta hagu ta fi.

Ba ta zage ni ba. Na so ta yi, kamar yadda na so Alhaji ya yi. Ta ajiye taɓarya ta shimfiɗa mani tabarma, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi aiki. Sai da na miƙe zan tafi, ta rako ni har bakin zana, sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Da kin bari an canza mani wurin, Yaya."

Bayan girbi mijin ya dawo. Na gan shi wata Talata a layin maza da yarinyar a kafaɗa, ta yi wayo har tana jan hular mutane. Ban je kusa ba. Abokin aikina ya ce ya gaya mashi likita sun ce sai an faro daga farko, kuma ƙafar hagu wataƙila sai an yi aiki. Ya zo sau biyu ko uku, sannan na daina ganinshi, ban san ko ya canza mota ko ya koma Aljeriya ba. Uwar kuwa ba ta sake shigowa bayan labulena ba har na bar aikin.

Alhaji yana wucewa kamar sau biyu a wata, ɗan kasuwa ne. Duk zuwa sai ya nemo ni da ido ya ce ɗiyata, ya aiki. Kuma duk zuwa, in babu wanda ya fi shi riga, shi ake turawa gaba. Na daina tsayawa inda ake ganin rumfar.

Abin da na koma yi shi ne, duk macen da ta shigo ita kaɗai, ina zagaya ta da sanda ina tambayarta a kunne wa ke kusa da ita, lafiya dai. Mafi yawa su ce lafiya. Wasu su yi shiru su gyara hijabi, waɗannan ba na ƙara tambayarsu komai. In fita in sami kwambuwaye in karɓi alƙalaminshi in gyara lamba kafin apel, in ce mata amai take ji, ko tana son kusa da ƴar uwarta. Na ƙware har shef yana yaba mani, wai na yi hankali. Kullum macen ce ke ɗaukar kayanta ta koma baya, namijin ya sami wurin miƙe ƙafa. Da hannuna nake rubutawa, kuma duk ranar da na yi sai na ji kamar in wanke hannun da toka.

Kafin in bar aikin an sake tara mu a Maraɗi, wai a tuna mana horo. Tsohon sojan nan ne dai, tumbin ya ƙaru, labarin bai canza ba. Ya zo kan ɗan ɗakin ƙasan jirgi, sababbin ɗauka suna ta gyaɗa kai kamar yadda na yi. Na ɗaga hannu. Na ce na ji yadda ake yi da namijin, to ita matar fa, in jirgin ya koma gida wa ke jiranta a bakin ruwa, kuma me ya riga ya ji? Ya sosa gemu. Ya ce shi dai aikinshi ya ƙare daga an sauke mutumin, bai taɓa bin sawun wata ba. Sannan ya duba agogo ya ce a je a yi salla.